Rijiyar Cha'ibu ta Ƙarshe

Ni mai walda ne. Duk Matameye an san hannuna na da kyau, an kuma san zuciyata a kusa take. Sunana Falalu. Ƙofar ƙarfe, taga, gado, amalanke, babu abin da ban haɗa ba a rumfata da ke bakin hanyar Damagaram. Amma in mutum ya tsaya a kaina yana koya mini aikina, gara ya kwashe ƙarfensa tun da girma da arziki. Na taɓa jifan wani direba da guduma a kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba, Allah ya rufa mana asiri ta sami tayar motarsa. Na faɗi wannan tun da fari ne don kada wani ya ce shaiɗan ne ya shige ni rana ɗaya. Halina ne, da shi na tashi.

Mahaifina kuwa, Malam Idi tela, sanyinsa kamar ruwan randa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko ranar da na ƙone masa keken ɗinki wai ina gyara. Mutane kan ce an yi musanya a wurin haihuwata. Shi sai ya yi murmushi ya ce wataƙila kakana na ɗauko, tunda babu wanda ya san halinsa balle ya ƙaryata.

Kakan nan shi ne Cha'ibu mai ginin rijiya. Daga Kazaure ya shigo ƙasar nan zamanin Nasara, da daginsa da igiyarsa, ya auri kakata Shekara a Matameye. Wani rani ya fita aiki ƙauye, bai dawo ba. Wata huɗu bayan haka aka haifi Baba. Kaka Shekara ta rayu har na yi gemu, amma duk wanda ya tambaye ta inda mijinta yake sai ta ce ƙasa ta karɓi abinta, ta ja bakinta ta rufe. Abu ɗaya na sani, in ta ga jikanta ya leƙa rijiya, ranar zai sha dukan da ba zai manta ba. Da wannan shirun aka kai ta kabari.

Rashin kabarin nan ya bi mu har cikin kasuwa. In faɗa ya haɗa ni da wani, da ya rasa abin faɗi sai ya ce mini jikan raɓa, tunda an ce baƙo raɓa ne. Na fasa bakuna a kan wannan kalma, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Baba bai taɓa tankawa ba. Sai dai ranar jajibirin salla, in mutane sun tafi maƙabarta kowa ya nufi wurin nasa, shi yakan yi wa uwarsa addu'a, sannan ya koma bakin shinge ya ɗaga hannu yana kallon ba ko'ina ba.

Da ya cika shekara saba'in yanar ido ta rufe masa gani, ya bar ɗinki, tari kuma ya kama shi. Wata rana bayan la'asar muna zaune a zaure, ni da ƙanwata Badariyya, sai ya ce:

"Ina so in tsaya a kan kabarin ubana in yi masa addu'a, ko sau ɗaya, kafin a kai ni nawa."

Bai taɓa roƙona komai ba a duniya. Nan take na rantse masa zan kai shi, ban ko san gabas ko yamma zan dosa ba.

Allah ya sa akwai Badariyya. Ita ma'aikaciya ce a meri, ofishin takardun haihuwa da mutuwa, kuma haƙurin Baba gaba ɗaya ita ta kwashe, ba ta rage mini ko cokali ba. Ta kwashe sati uku tana shaƙar ƙurar tsofaffin littattafai, ba ta sami komai ba, domin a wancan zamani wa zai rubuta mutuwar baƙo a ƙauye? A cikin gwangwanin Kaka Shekara dai muka sami wata takardar izinin wucewa da Faransanci, ta yi ja don tsufa, da sunansa da garinsu da sana'arsa. Da takardar nan na ƙetare iyaka na tafi Kazaure. Na sami gidan magina rijiya, na sami wani tsoho da ya ce Cha'ibu ƙanin ubansa ne. Su duk shekarun nan sun ɗauka yana wurinmu ya manta gida, mu kuma wani lokaci mukan yi zaton ya gudu ya koma wurinsu. Muka zauna muka yi ta kallon juna. Da zan tafi tsohon ya ba ni abu ɗaya: ya ce gidansu in sun kama aikin rijiya sukan jera itacen ƙirya huɗu a bakinta, su yi sara uku a jikin na gabas. Wannan ita ce alamarsu tun kaka da kakanni.

Da na kawo wa Badariyya labarin sai ta ce an gama, mu daina bin takarda mu bi ruwa. Ta ce mutum kan manta sunan kakansa, amma gari ba ya manta wanda ya ba shi ruwa. Ta sayi littafin ƴan makaranta mai bango shuɗi, duk ranar hutunta in ɗauke ta a moto, wato babur, mu shiga ƙauyuka. A wani ƙauye kusa da Ɗan Barto muka sami ta farko, da itacenta da sara uku, igiya ta cinye gefensa amma saran na nan. Na durƙusa na sa yatsa a ciki, hawaye suka zo mini, na ce ƙura ce. Tsofaffin garin suka ce daga nan garin kaza ya tafi. A garin kaza aka ce garin kaza. Wasu rijiyoyin an zuba musu siminti an sa famfo, itacen ya shiga murhu tuntuni, amma ba ka rasa wani mai furfura da zai ce ai rijiyar baƙo ce, mutumin Kazaure, dogo mai waƙa a cikin rami. Ita ke gaisuwa da tambaya da rubutu. Ni aikina tuƙi da rufe baki, wanda shi ne ya fi mini wuya.

Wata biyar muka yi, rijiya shida. A ta shida, wajen Icirnawa, aka ce daga nan Tungar Kanya ya nufa, can cikin kwarin da ake noman rake. Bayan nan babu wanda ya sake jin ɗuriyarsa.

A Tungar Kanya ne fuskoki suka canza. Muka yi sallama a gindin bishiyar da maza ke zama, aka amsa da kyau, aka kawo ruwa. Da Badariyya ta ambaci mai ginin rijiya sai kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Suka ce ba a taɓa yin wannan mutum a nan ba. Har na buɗe baki zan ce ƙarya suke, ta taka mini ƙafa. Za mu hau moto ke nan wata tsohuwa tukuf da ke ɓarar gyaɗa a ƙofar gida ta yafito Badariyya da hannu. Sunanta Baiwa. Ta ce a nuna mata ɗan mutumin, Badariyya ta buɗe mata hoton Baba a waya. Tsohuwar ta kai wayar dab da idonta ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce a tsakiyar garkar raken ɗanta Isufu akwai wani tudu da ba a nomawa, mu je mu gani daga nesa, kada mu ce ita ta faɗa, kuma kada mu taka wurin sai mun bi ta hannun mai gari.

Muka zagaya ta bayan darni muka leƙa. Rake ya yi kore shar ko'ina, sai wani fili ɗan ƙarami a tsakiya, da tudun yashi da bishiyar kanya a gefe. Wani baƙin itace ya leƙo daga cikin yashin, da sara uku a jikinsa. Ba sai an gaya mana ba. A ƙasarmu in rijiya ta rufta da mai gininta ba a tono shi, a bakinta ake yi masa salla a cike ramin, ita ce kabarinsa. Kakana na cikin rijiyarsa ta bakwai.

Badariyya ta ce mu bi a hankali: goro, mai gari, liman, sannan Baba. Na yarda. Muka je wurin mai gari sau biyu, ran farko aka ce ya tafi biki, ran na biyu ya karɓi goro ya ce mu dawo bayan an gama saran rake. Jiran wata biyu ke nan. Baba kuwa tari na ƙaruwa, kullum in na shigo sai ya juyo da kai ya ce, an sa rana? Na ji a raina ana yi mana wasa da hankali ne, kuma in na biye musu sai mutuwa ta riga mu.

A cikin wannan haushin na ƙera alamar. Na yanki bututun ƙarfe mai kauri, tsawonsa ya kai ƙirjina, na liƙa masa faranti a kai, na rubuta sunan Cha'ibu da wutar walda, da ajami da boko. A wurinmu ba a yi wa kabari haka, ɓallin tulu ko guntun icce ya isa. Baba ma da ya shafa ya ji nauyinsa cewa ya yi babu buƙata, Allah ya san inda bawansa yake. Na ce shekara saba'in babu alama ta isa. Don kada tsatsa ta ci shi na shafa masa fenti, kuma fentin da ya rage a rumfata ranar ja ne da fari. Na haɗa da rabin buhun siminti.

Abin da ban tsaya na tuna ba, alhali na sani sarai, shi ne shekara biyu kafin nan wani mai kuɗi daga birni ya zo ƙauyen da ke maƙwabtaka da Tungar Kanya da masu awon fili, suka kafa ƙarafa ja da fari a cikin siminti, abin da ake ce wa borni. Tun daga ranar mutanen ƙauyen ba su sake taka fadamarsu ba. Kuma a kwarin nan tsohuwar ƙa'ida ce, wanda ya fitar da ruwa shi ke da ƙasar da ke kewaye. Duk wanda ya gan ni da wannan ƙarfe a kan rijiyar kakana, abu ɗaya zai karanta.

Na zaɓi ranar kasuwar Matameye, da wayona, wai mazan garin duk sun kai rake kasuwa, mu yi abinmu babu surutu. Ban ga cewa ɓarawo ma irin ranar yake zaɓa ba. Na ari tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya. Badariyya ta yi magana har ta gaji, da ta ga zan tafi da Baba ko da ita ko babu ita, sai ta ɗauki littafinta ta shiga. Baba ya sa farar rigarsa ta salla, wadda ya ɗinka da hannunsa tun yana gani.

Da hantsi muka isa. Na ɗaga darni, na riƙe hannunsa muka ratsa cikin rake, ganyen na karce mana fuska. Da na ce masa mun zo sai ya tuɓe takalmi. Ya ce in juya shi ya fuskanci gabas. Ni kuwa na ce ya dakata tukuna, ya zauna a inuwar kanya minti biyar kawai, in kafa alamar, don ya yi addu'arsa sunan ubansa na tsaye a gabansa. Badariyya ta zaunar da shi a gindin bishiyar, ni na ɗauki dagi na fara haƙa.

Ban kai kamu ɗaya ba na ji ihun mata daga wajen gari. Ashe ƴaƴan Isufu ba su tafi kasuwa ba, suna ɗaya gefen garkar suna saran rake. Su biyar suka ɓullo, da adduna da gorori, gumi na zuba. Babbansu, Abdurrazak, ƙato ne mai faɗin ƙirji, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Babu sallama. Ya dubi ƙarfen, ya dubi simintin, ya sa ƙafa ya shure buhun ya fashe. Ya tambaye ni uban wa ya aiko ni in kafa borni a gonarsu.

Kalma uku sun isa su kashe wutar nan. In ce kabari ne, in nuna tsoho makaho a gindin bishiya. Amma an ambaci uba, an kuma shure mini kaya. Na miƙe na ce masa:

"Ƙasar kakana ce. Yana ciki. Shi ya fitar da ruwan da kuke ci da shi."

Ko da wurin alƙali na je na shigar da ƙarar gona ba zan faɗi abin da ya fi wannan ba.

Badariyya ta rugo tsakaninmu da littafinta a buɗe tana cewa su tsaya su ji, addu'a kawai muka zo yi. Su kuwa ganin takarda ya ƙara tabbatar musu. Ɗaya daga ciki ya make littafin ya faɗa cikin rake, ya tunkuɗe ta, ta faɗi da baya kanta ya bugi ƙasa, ɗankwalinta ya fita. Daga nan idona ya rufe.

Da dagin na fara, na zabga wa wanda ya ture ta a haƙarƙari, ya ninke yana neman iska. Gora ta sauka a kafaɗata, wata a ƙeya, na ji ƙasa ta juya. Wani ya kawo mini sara da adda, na tare da hannu, ta buɗe mini dantse daga gwiwar hannu zuwa kusa da wuyan hannu, na ga farin nama kafin jini ya rufe. Ban ji zafi ba. Aka fizge dagin, aka naushe ni a baki, haƙori ya tsinke na tofar da shi. Na faɗi a gwiwa, hannuna ya sauka a kan ƙarfen da na ƙera. Na ɗauke shi hannu biyu na miƙe.

Ƙarfen nan ya kai kilo goma, ni na auna shi, kuma shekara ashirin da biyar ina ɗaga irinsa. Abdurrazak ya ɗaga adda, na sakar masa a hannu. Ƙarar da ƙashin ya yi kamar an karya busasshen kara. Ya saki addar ya durƙusa, hannun na lilo ta inda hannu ba ya lanƙwasawa. Na juya na sami wani a gwiwa, ya kife. Sauran suka ja da baya suka kewaye ni, ni kuma ina juya ƙarfen ina zagi, ina kiran su su matso. Ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji a lokacin. Duk wanda ya taɓa ce mini jikan raɓa tun ina yaro, shi nake gani a gabana. Badariyya na kiran sunana, na ji ta kamar daga wani gari.

Sai aka kama mini riga ta baya. Ban duba ba. Na juyo da duk ƙarfin da Allah ya ba ni.

Baba ne. Ya taso daga gindin kanya yana lalube, ya bi muryata, ya zo ya riƙe ni yadda yake riƙe ni tun ina ƙarami in na shiga faɗa. Gefen farantin, inda na rubuta sunan ubansa, shi ya same shi a saman kunne. Hularsa ta yi sama. Bai yi ƙara ba, ya tafi a hankali ya kwanta a kan tudun yashin, jini na bin farar rigar.

Ban san lokacin da ƙarfen ya faɗi daga hannuna ba. Na durƙusa ina kiran Baba, Baba, ina toshe wurin da tafin hannu, jinina da nasa suka haɗu ban san wanne ne wanne ba. Badariyya ta ture ni gefe, ba ta ko dube ni ba, ta ɗora kansa a cinyarta.

A haka Isufu ya same mu, dattijo mai furfura, ya taho a guje da gatari. Ya ga ɗansa da karyayyen hannu, ya ga tsoho a kwance, ya rasa wanda zai sara. A bayansa mata biyu suka riƙo Baiwa, tana jan ƙafa. Ta ce a zaunar da ita kusa da Baba. Ta yage gefen zanenta ta ba Badariyya ta ɗaure masa kai. Isufu ya ce, Inna, ki koma gida. Ta ce masa ya yi shiru, yau ita za ta yi magana.

Ta ce ita amarya ce a shekarar, ita ke kai wa mai ginin rijiya fura. Mai gari na lokacin ya yi masa alkawari a gaban jama'a, in ya fitar da ruwa a kwarin nan, wannan yanki nasa ne, ya ɗauko matarsa ya zauna. Babu wanda ya zaci zai samu, mutum uku sun gwada kafin shi. Ranar da ya kai ga ruwa da safe ne, ya aiko da gugan farko sama, ita ta fara sha. Da azahar yashi ya zubo, itatuwan da ya tokare da su suka faɗa a kansa suka bar ɗan sarari. Bai mutu ba. Mijinta, uban Isufu, da ƴan'uwansa suka tsaya a baki suka ce ba ta shiguwa, yashi na ci gaba da zuba. Ta ce wannan gaskiya ne, amma ko igiya babu wanda ya zura. Yana kira har la'asar. Da la'asar suka jeru suka yi masa salla, tana jin muryarsa a ƙarƙashin kabbararsu. Mijinta ne ya fara tura ƙasa.

Isufu ya saki gatarin ya zauna a ƙasa. Ashe shi ma abin da aka gaya masa tun yana yaro shi ne kada a noma tudun, kuma in wata rana wani ya zo yana tambayar rijiya, to gonar ya zo karɓa.

Baba ya buɗe baki a hankali ya tambaye ta me uban nasa yake cewa a cikin ramin.

"Da farko roƙonsu yake," in ji ta. "Da ya ji ƙasa ta fara sauka sai ya daina. Ya ce wanda ke jin tsoron Allah ya gaya wa Shekara a Matameye, in namiji ne a sa masa Idrisu. Ni na kai saƙon, da tallan gyaɗa na fake. Uwarka ta sa na rantse, ita ma ta rantse, ba za ka sani ba. Ta ce in ka sani za ka girma ka zo nan, a zubar da jini."

Baba ya lumshe ido, har na zaci ya tafi. Sannan ya ce a juya shi gabas. Ni da Isufu muka juya shi, a kwance, don ba ya iya ko zama. Ya shimfiɗa tafinsa a kan yashin ya yi ta motsa leɓe, mun daɗe muna jira. Da ya shafa sai ya kira Isufu ya ce masa ba gona muka zo nema ba, su ci gaba da nomansu. Sannan ya ɗaga murya iyakar yadda zai iya, ya ce:

"Ku duka ku ji. Makaho ne ni, tuntuɓe na yi na faɗa a kan ƙarfe. Wanda ya faɗi wani abu ba wannan ba, ban yafe masa ba."

Muka sa shi a bayan mota, shi da Abdurrazak gefe da gefe a kan ganyen rake. Da hannu ɗaya na tuƙa, jini na cika mini takalmi. An karɓe mu a asibitin Matameye, an yi abin da za a iya. Washegari da walaha ya cika, bai sake farfaɗowa ba.

Da jandarmomi suka zo, mutum shida suka ba da shaida iri ɗaya, tsoho ya yi tuntuɓe. Abdurrazak, da hannu a ɗaure har wuya, ya ce shi daga kan amalanke ya faɗo. Suka dubi ɗinkin da ke dantsena, na ce ni mai walda ne, kullum cikin yanka nake. Na so wani ya buɗe baki, wallahi na so. Da an kai ni gidan kaso da na sami abin da zan ce na biya. Babu wanda ya ba ni wannan sauƙin. Badariyya da hannunta ta rubuta takardar mutuwarsa a ofishinsu, ta kawo ta ajiye mini a kan teburin walda ta juya. Sai da aka yi wata takwas kafin ta sake ce mini Yaya.

Isufu ne ya zo da kansa kafin a yi wa Baba wanka, ya tsuguna a zaure ya ce in mun yarda ya sare layi biyu na rake a gefen tudun. Can muka kai Baba, kamu kaɗan tsakaninsa da ubansa. Ɓallin tulu muka sa, kamar kowa. Ƙarfen kuwa na yanka shi gunduwa-gunduwa na zuba cikin tarkacen da ake kaiwa Kano a narke.

Yanzu babu mai ce mini jikan raɓa, ina da kabari har biyu. Duk Juma'a nakan je. Abdurrazak kan buɗe mini darni da hannunsa da ya warke a karkace, mu gaisa, ba mu taɓa tayar da maganar ba. In tuɓe takalmi, in fuskanci gabas, in tsaya da ƙafafuna a daidai inda Baba ya ce in juya shi. Shekara saba'in ya yi yana jiran ya tsaya a wurin nan, ya iso, ya tuɓe takalmi, ni kuma na ce ya ƙara minti biyar.